Hannu a Kan Gora

Shafi na 23

Bismillahi. Masu cewa na bar Nasrullahi a bayan a-kori-kura rana na dukansa, to ga shi mun iso. Ku gyara zama.

Hantsi bai gama ɗagawa ba, bakin gulbin nan na bayan Gashua ya cika ya batse. Ranar su ce, kamun kifin gayya na shekara, a ruwan da ba a taɓa shi sai ran da Sarkin Ruwa ya ce a taɓa. Masuntan Jakusko sun zo, na Karasuwa sun zo, har mutanen Kumagannam da ba su san ruwa ba sai na rijiya sun zo kallo. Kowa gora a ka, komar kamun kifi a kafaɗa.

Nasrullahi ya sauko daga mota da kansa. An miƙo masa hannu ya yi kamar bai gani ba. Ƙafar katakon ta nutse cikin yashi, ya ciro ta, ya sake dasawa, ta sake nutsewa. Ya sake ciro ta. Mutumin da motar kifin banda ta kife da shi a hanyar Nguru har aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa, yashi ba zai ba shi tsoro ba.

Tun ran da aka sallamo shi daga asibiti yake ɗora wa kansa kaya. Ya ce zai taka masallaci ba sanda, ya taka. Ya ce zai hau keke ya kewaye kasuwar Nguru, ya hau, ya faɗi a gaban masu kanwa, ya tashi ya sake hawa. Sai ya tsaya a tsakiyar 'yan kifi ya daki ƙirji.

"Bana zan shiga su. In ban fito da giwan ruwa a kafaɗa ba, a cire min sunan masunci."

To shi su irin na nan, mutum kife cikinsa yake yi a kan ƙaton gora, ƙafafu na tuƙi, hannuwa na aikin koma. Mai ƙafa ɗaya kuwa juyawa goran ke yi da shi kamar an kaɗa mazari. Shi ya sa Cosmas, kafintan nan na Sabon Garin Nguru da ya sassaƙa masa ƙafar, ya yi masa wani faifan katako da ake ɗaurawa a dungun. Da shi ya kwashe rani guda yana koyo a tafkin bayan tashar jirgi, shi da amininsa Abbo.

Yau Cosmas ma ya rufe shago ya biyo su, faifan a hammata kamar zai kai shi gasa. Matar Nasrullahi, Maijidda, ta haɗa murhu can ƙarƙashin tsamiya cikin mata masu suyar kifi.

Dokar ruwan nan guda ce. Ba a shiga mutum ɗaya. Biyu-biyu ake durƙusawa gaban Sarkin Ruwa, kowa ya ɗora hannu a kan goran ɗan'uwansa ya ce, "Na ɗauka." Ma'ana in ya nutse, ka yar da komarka ka bi shi. In kuwa ka fito shi bai fito ba, kai da ruwan nan har abada.

Layi ya zo kansu.

Sarkin Ruwa tsoho ne tukuf, yana zaune kan tabarma, ƙaho kwance a cinyarsa. Nasrullahi ya durƙusa da ƙyar, don katako ba ya lanƙwasuwa, sai da ya miƙe shi gefe. Ya ɗora tafinsa a kan goran Abbo.

"Na ɗauka!"

Ya faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Hannun Abbo na kan gwiwarsa. Bai motsa ba.

Tsohon ya jira. Ya dubi Abbo, ya dubi goran Nasrullahi.

"Kai nake jira, ɗana."

Nasrullahi ya zunguri Abbo da gwiwar hannu yana dariya.

"Kai mutumina, barci kake? Ko ƙosan tashar nan ne ya sa maka nauyi?"

"Nasuru."

"Ɗora mana. Mutane na jira."

"Nasuru, mu koma gefe."

"Gefen ina? Ga gefe nan, gulbi."

Abbo ya sunkuyar da kai. Gumi na bin wuyansa. Da ya buɗe baki sai muryar ta fito kamar ta mai mura.

"Ba zan iya ba."

Dariyar ba ta bar fuskar Nasrullahi nan take ba. Ta ɗan tsaya, ta rasa abin yi, sannan ta zube.

"Ba za ka iya me ba?"

"Ɗaukarka."

"Ni na ce ka goya ni? Hannu kawai za ka ɗora. Tun muna samari kake ɗora shi. Yau ƙaya ta fito wa goran?"

Abbo ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe," Nasrullahi ya juya ga tsohon, "kar ka ga ƙafar ka yi zaton wani abu. Tambaye shi. A gabansa na fito da tarwaɗa mai kai kamar tulu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kasuwar Nguru kaf ta shaida. Abbo, faɗa masa."

"Kar ka sa ni."

"Na sa ka. Faɗa masa!"

Abbo ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"Tafkin bayan tasha, Nasuru. Tsakaninka da Allah, tun da kake, ka taɓa jin an kama irin wannan tarwaɗa a cikinsa?"

"Ni na kama."

"Kwaɗi ne a tafkin nan, sai 'yan karfasa kamar yatsa. Kai ka koya min haka."

"To daga sama suka faɗo?"

"Daga gorana."

Na kusa da su suka yi tsit. Can baya ana ta hayaniya, mai kalangu na gwada fatarsa, wani na neman takalminsa. Amma nan gaban tabarmar ko tari babu.

"Maimaita," in ji Nasrullahi.

"Daga tarkona nake ciro su kafin in biyo maka. In zuba su cikin gorana da ɗan ruwa. Ka san tarwaɗa, ba ta saurin mutuwa. In muka dama ruwan ya yi laka, sai in matso kusa da kai, in sa hannu ta ƙasa, in tura maka ita cikin koma."

"Ƙarya kake."

"Da ma ƙaryar ce."

"Na ji bugunta a hannuna! Na yi kokawa da ita!"

"Ka yi. Kokawar taka ce. Kifin ne ba naka ba."

Cosmas da ke tsaye bayansu ya kasa haƙuri. Ya ɗago faifan sama.

"Oga Abbo, kifi daban, tuƙi daban. Tuƙin fa? Ai mun gani da ido, yana tafiya sak kamar jirgin ƙasa. Wannan aikina ne. Maɗaci na sa, ba katakon banza ba."

"Cosmas, ka yi shiru."

"A'a, ka faɗa wa Baba. Faifai yana aiki ko ba ya yi?"

"Yana yi in ruwa na kwance. Da iska ta taso sai ya zama ludayi a tukunya." Abbo ya share fuska da hannun riga. "Duk ran da aka yi iska, ƙafata na tokare da goransa ta ƙarƙashi. Shi ya sa ba na nisa da shi."

Cosmas ya sauke faifan a hankali. Ya dube shi gaba da baya kamar yau ya fara ganinsa.

Nasrullahi kuwa hannunsa na nan kan goran Abbo. Ya manta da shi. Abin da yake gani shi ne ranar farko, ran da ya ratso kasuwa da tarwaɗa rataye a sitiyarin keke, 'yan kifi na tafi suna "Sai Nasuru, sai Nasuru." Ya tuna wadda ya aika wa liman. Ya tuna wadda ya raba wa maƙwabta, yana zaune a ƙofar gida yana kwatanta musu yadda ta so karya masa hannu.

"Su wa suka sani?"

Abbo ya kau da kai.

"Na ce su wa suka sani?"

"Mai sayar da kifi ai ya san kifin gulbi, ya san na tafki."

"Wato duk kasuwa."

"Ba wanda ya yi maka dariya, wallahi."

"Tafi suka yi. Ya fi dariya?"

Ya janye hannunsa. Ya goge shi a jikin wando kamar ya taɓa wani abu.

"Wa ya sa ka? Kai ba ka da wannan dabarar. Kai ko ƙaryar farashi ba ka iya ba."

Idon Abbo ne ya ci amanarsa. Idon ya tafi ƙarƙashin tsamiya ya dawo.

Nasrullahi ya bi idon. Maijidda na tsugune gaban kasko, mai na tartsatsi, matan gefenta duk sun miƙe suna leƙen abin da ke faruwa. Ita kaɗai ce ba ta ɗago ba.

"Kar ka ga laifinta," in ji Abbo da sauri. "Ka manta yadda kake dawowa farkon shigarka? Goran ya yi ta wulwula ka har ka yi amai. Ka dawo ka juya wa bango fuska. Tuwo ya kwana ya wuni ba ka taɓa ba. Gidana ta zo, ta durƙusa a gaban matata ta ce, Abbo ko guda ɗaya ce, ya ga ya kama. Guda ɗaya muka yi niyya. Ran nan ka cinye tuwo ka ce a ƙaro. To ka faɗa min, ta ina zan daina?"

"Masallacin fa? Shi ma kai ka taka min?"

"Wannan naka ne."

"Keken?"

"Naka ne, Nasuru. Duniya ta gani."

"A kan keke na faɗi har haƙorina ya ɓantare, ba wanda ya riƙe min. Don me ba ku bar ni na faɗi a wannan ba?"

"Wanda ya faɗo daga keke ƙasa ce ke tare shi. Ruwa ba ya tarewa."

"Da ka faɗa min tun a Nguru."

"Na yi ta buɗe baki. Ko ɗazu a mota na buɗe. Sai na ji kana yi wa direba bayanin inda za a ɗaure giwan ruwan in za mu koma."

Wani a baya ya yi 'yar dariya, na kusa da shi ya make shi.

"Dubi ruwan nan," Abbo ya nuna da haɓa. "Wannan ba tafki ba ne, tafiya yake. Ga mutane kamar fara, kowa kansa ya sani. Ba zan iya tokare ka ba, ba zan iya ganinka ba ma. In ka tafi ƙasa, na rasa ka, na rasa ruwa. Da me zan ciyar da yaran? Kai ma naka da me?"

Sarkin Ruwa ya yi gyaran murya.

"Kun tsayar min da layi. Kai mai ja da baya, kana da wani abokin?"

Nan ne Abbo ya yi abin da ya fi komai ciwo. Ya ɗan waiga. Wani dogon mutum ya fito daga cikin taron, gora a ka. Hamajoɗa ne, Bafulatanin Jakusko da shanu suka ƙare masa ya koma ruwa. Ya zo ya durƙusa, yana kallon ƙasa.

Nasrullahi ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Ashe har an yi shiri."

"Nasuru…"

"Yaushe kuka yi magana? Ranar kasuwa? Ina ina lokacin, ina tafki ina kama kifinka?"

Abbo ya ɗora hannu a goran Hamajoɗa, Hamajoɗa ya ɗora a nasa. Suka faɗi kalmar ƙasa-ƙasa, kamar masu satar sallama.

Tsohon ya juyo ga Nasrullahi. Ba fushi a fuskarsa, kuma rashin fushin ya fi zafi.

"Ɗana, ni ban hana ka don ƙafa ba. Na ga mai ido ɗaya a ruwan nan, na ga mai yatsu uku. Dokar ba ta ce ƙafa biyu ba, mutum biyu ta ce." Ya ɗaga murya. "Jama'a! Ga gora nan ba hannu. Akwai mai ɗauka?"

Nasrullahi ya ɗaga kai yana bin fuskoki. Ga Lawal, wanda Nasrullahi da kansa ya koya wa ɗinkin koma. Ga mutanen unguwarsu da suka yi ta yi masa kirari a mota. Wannan ya shiga gyaran igiya, wancan ya tsura wa sama ido kamar hadari ya haɗo a tsakiyar bazara.

"Akwai mai ɗauka?"

Sai ga hannu ya sauka a kan goran, tim. Hannu mai kanta, da tabon zarto a babban yatsa.

"Na ɗauka, Baba."

Cosmas ne.

Tsohon ya ƙanƙance ido.

"Kai kuma daga ina?"

"Nguru. Sabon Gari."

"Ina goranka?"

"Ba ni da shi. Sai a ara min."

"Ka taɓa shiga gulbi?"

Cosmas ya sosa ƙeya.

"Na taɓa hawa kwalekwale a garinmu. Amma ranar ban ji daɗin cikina ba."

Wuri ya kwashe da dariya. Har tsohon sai da gemunsa ya motsa.

"Allah ya yi maka albarka. Ɗauke hannunka. Gawa biyu ba ta fi ɗaya sauƙin nema ba."

Cosmas ya ɗauke. Shi bai yi dariya ba.

"Yi haƙuri, Oga Nasuru."

Aka matsa da layi. Mutane suka dinga kewaye Nasrullahi suna wucewa, kamar yadda ruwa ke kewaye kututture. Yana nan durƙushe, katako miƙe a gefe, har na ƙarshe ya faɗi tasa.

Sai ganga ta tashi.

Wanda bai taɓa ganin shigar su ba, ba zai gane ba. Ƙasa ce ke rawa. Ihu, gudu, goruna na faɗawa ruwa fam fam fam, gulbin ya koma fari da kumfa. Kafin ka ce kwabo bakin gaɓa ya zama wayam, sai takalma da tsofaffi da masu suya.

Da Nasrullahi.

Ya ji ƙanshin lakar da aka dama. Wannan ƙanshin yake mafarki tun yana kan gadon asibiti.

"Cosmas, ba ni faifan."

"Oga, Baba ya ce…"

"Nawa ne ko naka? Ba ni."

Ya kwance bel ɗin ƙafar katakon, ya zare ta ya jefar kan yashi. Ya ɗaura faifan a dungun, ya ja igiyar da haƙori har ta shige nama. Ba ya iya tsayuwa da shi, don haka ya tura goran gaba, ya bi shi da jan gindi. Ya tura, ya ja. Ya tura, ya ja. Mutumin da ya rantse ba za a ƙara ganinsa a ƙasa ba, ga shi yana jan jiki gaban matan gari, yashi na shiga masa wando.

"Ɗana!" Muryar Sarkin Ruwa ce. "Ina za ka?"

"In gani, Baba. Ni dai in gani. In na iya in sani, in ban iya ba in sani. Ko wannan ma sai an ɗaukar min?"

"Ka ga ƙahon nan? Goranka na barin gaɓa zan busa shi. In na busa, kowa zai fito, sun bana ya tashi, sai baɗi. Mutanen nan wasu da kamun yau za su yi shuka. Ka ɗauki alhakinsu?"

Nasrullahi ya tsaya. Ruwa na lasar masa cinya. Ya dubi kawunan da ke yawo a gulbi, baƙi-baƙi kamar an watsa kabewa. Ya san gidajen da yawansu. Ya san abin da ke cikin rumbunansu.

Ya dubi baya. Ga ƙafarsa can yashe a yashi, ga hanyar da ya share da gindi. In ya koma, ta nan zai koma, a kan idon kowa, ya hau motar nan, ya sauka a kasuwar da ta yi masa tafi.

Hawaye ya zubo masa. Bai share ba.

"Ka yafe min, Baba."

Ya kife cikinsa a kan goran.

Tsohon ya ɗauki ƙahon.

Sai aka ji kasko ya kife can ƙarƙashin tsamiya. Maijidda ce ta taho, ba gudu take ba, ba kuma tafiya ba, mayafi ya zame ba ta tsaya ɗauka ba. Ta wuce Cosmas. Ta wuce tabarmar Sarkin Ruwa. Ta shiga ruwan da zaninta, ya kai mata gwiwa, ya kai mata ƙugu. Ta kamo igiyar wuyan goran ta naɗe a wuyan hannunta, naɗi bisa naɗi.

"Maijidda, saki."

"A'a."

"Kin gama naki. Kin ciyar da ni kifin sadaka rani guda. Saki!"

"Na yi, Baban Munira. Ko yau aka koma sai na sake yi. Ka ci tuwo, ka yi dariya, yaranka sun ji muryarka. Ban yi nadama ba."

"Ki bar ni in san ko ni wane ne!"

"To sani. Ga ruwan nan." Ta ƙara damƙe igiyar. "Amma ka san ni, ko wankin bakin rafi ban taɓa yi ba. Duk inda goran nan ya nufa, da ni zai tafi. Tuƙa."

"Ke kin haukace ne?"

"Tuƙa mana."

Bai tuƙa ba. Ko motsi bai yi ba. Amma gulbi ba ya jiran a tuƙa. Ruwan ya ɗauki gindin goran ya fara ja a hankali, igiyar ta miƙe, ta ɗaure.

"Ki ja baya! Maijidda, ki ja baya!"

Ya nemi ya dire ya tsaya ya riƙe ta. Ƙafar dama ta lalubi ƙasa ba ta samu ba. Ta hagu kuwa faifai ne.

"Cosmas! Abbo! Abbo!"

Ganga ta cinye muryar.

Sarkin Ruwa ya kai ƙaho baki.

Sai yashin da ke ƙarƙashin ƙafar Maijidda ya zame.